Yadda Suleja ta koyi kallon ƙwallo

Garin nan ya iya kallo tun kafin ƙwallon ƙafa ya iso shi. Ranar hawan salla ƙofar fada kan cika tun hantsi, kuma da kaka, in an gama kai amfanin gona gida, 'yan dambe da 'yan kokawa kan sauka, a yi musu da'ira, makaɗi ya wasa wannan ya zuga wancan. A irin wannan kallo, wanda ke tsakiyar fili ka san shi. Ko ɗan unguwarku ne, ko mahaucin da ka sayi nama a hannunsa da safe, ko baƙon da ka ga saukarsa a gidan sarkin pawa. Sabon abin da ya zo a zamaninmu shi ne mutum ya biya kuɗinsa, ya zauna a kan benci yana ihu saboda wani yaro da ke gudu a Landan, yaron da bai taɓa jin sunan Suleja ba. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne, daga baya na haɗa da ɗaura dish, don haka yawancin wannan canji ta hannuna da na abokan sana'ata ya bi.

Shi wasan ta bakin teku ya shigo ƙasar. Karawar farko da aka rubuta labarinta a Kalaba aka yi ta a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Da ya tashi hawowa Arewa sai ya bi layin dogo da barikin soja da makarantun gwamnati, shi ya sa Kano da Zariya da Kaduna da Jos suka riga kowa. 'Yan Kano sun ɗauki Kofin Gwamna a 1953, kofin da daga baya aka sani da Kofin Ƙalubale. Mighty Jets ta Jos ita ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. Mu kuwa jirgi bai bi ta garinmu ba, ta Minna ya ratsa ya nufi Kaduna. Namu ƙwallon na filin firamare ne, ƙafa ba takalmi, raga duwatsu biyu ko riguna biyu. Dattijo mai mutunci ba ya tsayawa ya kalli yara suna bin fata da gudu. In ya tsaya, to ɗansa ya zo kamawa ya tafi makarantar allo.

Lokacin da aka haife ni sunan garin Abuja, sunan da ya gada daga Abu Ja wanda ya kafa shi a 1828. A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a maƙwabtanmu, birnin ya ɗauki sunan, mu kuma muka koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Wannan ya shafi labarin ƙwallo fiye da yadda ake zato. Kafin a gina komai a can, a nan masu awo da direbobi da magina da leburori suka sauka, kuma da yawansu daga garuruwan da ƙwallo ya daɗe da kafuwa suka fito. Mutumin Inugu ya zo da Rangers a bakinsa, mutumin Ibadan ya zo da Shooting Stars, kowa da rediyonsa a hammata.

Ranar 22 ga Maris 1980 ina yaron shago a wurin maigidana, wani mutumin Ilori mai haƙuri da yara da rashin haƙuri da mai kawo rediyon da wani ya fara buɗewa. Najeriya na wasan ƙarshe na kofin Afirka da Aljeriya a Legas. Maigida ya sa na sauko da duk rediyon mutane da muka gama gyarawa ba a zo karɓa ba, muka jera su a kan tebur a bakin titi, aka kamo tasha ɗaya a cikinsu duka. Muryar Ernest Okonkwo ce a gidan rediyon tarayya, mutumin da ya laƙaba wa Christian Chukwu "Ciyaman". Turancinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, sai maigida yana fassarawa a taƙaice, in abu ya yi zafi ya manta da mu ya koma Yarabanci. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, Shugaba Shagari ya miƙa kofi, aka ba 'yan wasa gidaje da motoci ƙirar Fijo. Zancen motocin nan ya fi zancen kofin daɗewa a majalisun dattawa. Ranar ce na fara jin wani tsoho yana cewa ashe abin nan sana'a ne.

Talabijin ta fara yawa bayan nan, baƙi-da-fari, mai ƙofar katako da maigida kan kulle ya tafi da makullin. Wahalar ita ce samun hoto, don garin a tsakiyar duwatsu yake. Sai mu sami doguwar gora, wani lokaci biyu a haɗe, mu ɗaure eriya a ƙarshenta, mu ja ta da waya ta kusurwa uku. Ranar wasa akwai yaro guda da ba ya ganin komai, aikinsa riƙon gora. Daga cikin ɗaki ana ƙwala masa kira: "Juya! Ƙara kaɗan! Ka wuce, dawo! Yauwa, tsaya haka, kada ka motsa!" Iska ta kaɗa, hoto ya koma yayyafi, a sake daga farko. In an ɗauke wuta a ciro batirin motar maƙwabci. A haka muka bi labarin yaran da suka je Sin a 1985 suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema, suka dawo da kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16. Ba a biyan ko kwabo a lokacin. Mai talabijin ya fito da ita tsakar gida ko ƙofar zaure, a shimfiɗa tabarmi, ladansa kawai a ce gidan wane aka yi kallo.

Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, Suleja ta cika ta batse da waɗanda aikinsu na can amma aljihunsu bai kai hayar can ba. Kwamba da Maje da Madalla, wuraren da muka sani da gonaki, suka zama unguwanni. Wannan taron ne gasar kofin duniya ta 1994 ta tarar.

A Amurka aka yi ta, kuma ita ce zuwanmu na farko. Mun tafi da ƙarfinmu: a watan Afrilu kocinmu Clemens Westerhof ya ɗauko kofin Afirka a Tunisiya, FIFA ta sa mu na biyar a duniya. Wasan farko da Bulgeriya a Dalas ya faɗo bayan sha biyun dare a agogonmu, garin nan kuwa bai runtsa ba. Rashidi Yekini ya ci ta farko, ya shige cikin raga ya riƙe ta yana kuka yana jijjigawa, Daniel Amokachi da Emmanuel Amuneke suka ƙara. Abin da ya ja mutanenmu musamman shi ne Yekini da Amokachi duk haihuwar Kaduna ne, Amokachi ma a Ranchers Bees ya tashi. Kowa sai ya tuno yana da wani ɗan'uwa da ya taɓa ganinsu a Tudun Wada. A makonnin nan ban samu barcin kirki ba, don duk talabijin da ta shekara a mace a ƙarƙashin gado sai da aka ɗauko mini ita, kuma kowa yau yake so.

Wasan Italiya a kusa da Boston, ranar 5 ga Yuli, shi ne wanda har yau in an tuna sai an yi tsaki. Ƙasa na cikin rikicin zaɓen 12 ga Yuni, ma'aikatan mai sun shiga yajin aiki, mai janareto yana auna fetur da kwalba. Da ƙarfe shida na yamma aka take. Amuneke ya ci, hutun rabin lokaci ya zo daidai da magariba, muka yi salla a gurguje muka dawo. Aka kori Zola, Italiya ta koma mutum goma. Saura minti biyu, wasu har sun fara tayar da babura don zagayen murna, Roberto Baggio ya farke. A ƙarin lokaci ya ƙara da fenareti. Wani maƙwabcinmu ya ɗauki takalminsa ya fita bai ce uffan ba, ya bar talabijin ɗinsa a kunne da baƙi cike da tsakar gidansa. Ranar wasan ƙarshe da Baggio ya ɗaga fenaretinsa sama Brazil ta ɗauki kofi, an yi shewa a Suleja kamar mu muka ci.

Bayan shekara biyu Amurka ta biya mu bashin. A gasar Olamfik ta Atlanta, Brazil na gabanmu da 3 da 1, mutane da yawa sun kashe fitila sun kwanta, sai ihu ya tashe su: Nwankwo Kanu ya farke a mintin ƙarshe, ya kuma ci ta zinare, 4 da 3. Ranar 3 ga Agusta 1996 aka doke Ajantina 3 da 2. A ƙungiyar akwai Celestine Babayaro da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Amokachi, duk 'yan Kaduna. Daga nan babu sauran malamin da zai iya raba yaron garin nan da ƙwallo.

Abin da ban lura da shi ba sai da shekaru suka ja shi ne, su ma masu masaukin a gasar 1994 suka koyi kallo. Amurkawa suna da nasu wasannin da suka fi so, kuma ƙwallon ƙafa ya sha faɗuwa a hannunsu. Sun doke Ingila 1 da nema a kofin duniya na 1950, a gida kusan babu wanda ya kula. Sun sayo Pele ya buga wa New York Cosmos daga 1975, filaye suka cika na ɗan lokaci, gasar ta mutu bayan kakar 1984. Da FIFA ta ba su gasar 1994, sai ta gindaya sharaɗin su kafa gasar ƙwararru ta cikin gida. Mutum kusan miliyan 3.6 suka shiga filaye a wasanni 52, adadin da ya kafa tarihi. A 1996 suka fara gasarsu ta MLS da ƙungiyoyi 10, har da 'yan wasanmu irin su Uche Okafor da Michael Emenalo da Ben Iroha a ciki. Shekarun farko asara suka yi ta tafkawa, ana buga wasa a manyan filayen aro, kujeru fayau. Ba su rufe ba. A 1999 aka gina fili na ƙwallon ƙafa zalla a Columbus, wasu garuruwa suka bi sahu. A shekarar ce kuma mutum 90,185 suka kalli wasan ƙarshe na kofin duniya na mata a Kalifoniya, gasar da 'yan matanmu suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, Brazil ta fitar da su da 4 da 3 bayan sun farke uku. Beckham ya je a 2007, Obafemi Martins ya je Seattle a 2013, Messi ya je Inter Miami a 2023. A 2025 ƙungiyoyin sun kai 30, matsakaicin 'yan kallo a wasa ɗaya ya haura 20,000.

Mu wata hanyar muka bi, kuma ina cikin waɗanda suka share ta. A farkon shekarun 1990 dish manya ne, faɗinsa ya kai rumfar mai shayi, sai otal da gidan mai hali. DStv ta zo a 1995 da ƙaramin faranti da dikoda, gasar Firimiya ta Ingila da aka fara a 1992 ta sami hanyar shigowa. Gidajen da za su karɓe ta ma suna nan tun tuni, wato gidajen bidiyo da ke nuna finafinan Indiya da na Cana da na Kano. Da na'urar faifai ta yi arha kowa ya sayi tasa, kasuwarsu ta faɗi, sai masu su suka kira irinmu muka hau kwano. Babayaro ya koma Chelsea a 1997, Kanu ya koma Arsenal a 1999, Jay-Jay Okocha ya je Bolton a 2002, Mikel Obi ɗan Jos ya je Chelsea a 2006. Kowa ya bi ɗan ƙasarsa ya shiga ƙungiya, ɗan ƙasar ya tashi, shi ya zauna. Na san mutanen da suka shiga Arsenal saboda Kanu, daga baya jikokinsu suka riƙa jan musu tsiya kan rashin kofi.

Ɗan ƙanwata yana da irin wannan gida a wata unguwa da ke hanyar Kaduna, ni na haɗa masa wayoyinsa. Rumfa ce ta langa-langa mai tsawo, benci jere-jere, na gaba gajeru na baya dogaye. Talabijin uku a bango, dikoda uku, don ranar Asabar ana buga wasanni da yawa lokaci ɗaya, sauti kuwa na wasan da ya fi jama'a ake saki. Fanka biyu suna juya zafi. Janareto na can baya a ƙarshen doguwar waya, an kewaye shi da bulo saboda ƙara. A ƙofa akwai allo, da alli ake rubuta wasannin rana da lokutansu, sunayen ƙungiyoyi a yadda kunne ya ji su. Mai karɓar kuɗi yana zaune a bakin labule da kwalin canji a cinya, ya san wanda ke biya, ya san mai cewa "in an fito", ya san yaron da zai ce aiko shi aka yi ya kira yayansa. Ina tuna lokacin da ake shiga da naira 20, aka koma 50, aka koma 100, yanzu babban wasa ya wuce haka. A waje ga mai shayi, mai rake, mai tsire, mai gadin babura. Duk cin abincinsu a jikin allon nan yake.

Abin da nake yaba wa gidan kallo shi ne wanda yake zaunarwa a benci ɗaya. Bahaushe da Bagware da Bakoro da Banufe, Ibo mai shagon kayan gini, Bayarabe makanike, ma'aikacin gwamnati da ya sauko daga motar Abuja da takardunsa, ɗan acaba da ya ajiye aiki na awa biyu. A waje kowa da masallacinsa ko cocinsa da jam'iyyarsa; a ciki rabon daban ne, 'yan Manchester ga 'yan Chelsea ga 'yan Barcelona. Na ga liman ƙarami da ɗan ƙungiyar mawaƙan coci sun haɗa kai suna tsokanar wani alhaji ɗan Chelsea ranar da ɗan wasansu John Terry ya zame a Mosko a 2008. Mata dai babu su, sai ɗaiɗaiku a gidajen da ke unguwannin baƙi, kuma ban ga alamar wannan zai canja ba. Lokacin wasa ma ya zo mana daidai: agogon Ingila da namu ɗaya ne rabin shekara, sauran rabin awa ɗaya ce tsakani. Rigimar kawai ita ce la'asar da magariba, shi ya sa gidan da ya san kansa yake ajiye butoci da tabarma a gefe. Ba'amurken da ke bin wannan gasa, wadda tashar NBC ke nuna musu tun 2013, wasan rana a Ingila da sassafe yake riskarsa, na Kalifoniya ma kafin asuba.

Shekarar 2011 ta kusa kashe sana'ar. Bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja ranar 8 ga Afrilu, wani ya tashi a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimeti, a ƙarshen Disamba aka sa ƙaramar hukumar cikin dokar ta-ɓaci. Taron mutum ɗari a rumfa mai ƙofa ɗaya da daddare ya zama abin tsoro, wasannin Zakarun Turai kuwa duk na dare ne. Da aka kai hari wurin kallo a Damaturu a watan Yunin 2014, ana tsakiyar wasan Brazil da Meziko, iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu fita. Masu gidaje suka sayi na'urar laluben jiki, aka hana shiga da jaka, aka matsar da babura nesa da rumfa. Jama'a suka dawo a hankali.

Filin gida fa? Niger Tornadoes ta Minna ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 2000, ta doke Rangers 1 da nema, ta sake kai wasan ƙarshe a 2017 Akwa United ta cinye ta a fenareti. Ka shiga kowane gidan kallo a garin nan ka ce a lissafo maka 'yan wasanta biyar, sai an yi ta kallon juna, alhali yaron da ke gefenka zai faɗa maka albashin mai tsaron gidan Liverpool na biyu. Ban ɗora wa yaran laifi ba. Minna tafiyar kusan kilomita 100 ce a kan hanyar da kowa ya san halinta, wasannin gida ba kasafai ake nuna su ba, kuma an daɗe ana cewa mai masauki ba ya faɗuwa ko da alƙalin wasa zai ƙara minti goma sha biyar. Babban filin Abuja da aka buɗe a 2003 yana nan kusa da mu, mai cin mutum kusan 60,000, amma sai Super Eagles na wasa ake tunawa da shi, kuma ranar 29 ga Maris 2022 da Ghana ta hana mu zuwa gasar kofin duniya a Ƙatar, 'yan kallo sun afka cikinsa sun yi ɓarna. Kano ce ta nuna abin zai yiwu. Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, ta jera uku daga 2012 zuwa 2014, filin Sani Abacha yana cika da masu kiran "Sai Masu Gida", kuma da Ahmed Musa ya dawo mata a 2021 bayan ya zaga Turai, an ga yadda ɗan gida ke jan jama'a. A ganina mu masu ɗaura dish mun sauƙaƙa wa mutane kallo har ya zama ba su da dalilin tada jijiyar wuya kan lalacewar na gida.

Su kuwa Amurkawa ba su tsaya a nasu filayen ba. Iyalan Glazer sun sayi Manchester United a 2005, kamfanin Fenway ya sayi Liverpool a 2010, Arsenal na hannun Stan Kroenke, Todd Boehly da abokansa suka karɓi Chelsea a 2022. Kuɗin da mai karɓa ke tarawa a kwali yana tafiya wurin mai tasha, mai tasha ya biya gasar Ingila, gasar ta raba wa ƙungiyoyi. Wato wani ɗan ɓangare na cinikin ɗan acaban Suleja yana ƙarewa a asusun attajiran Amurka. Na faɗa wa ɗan ƙanwata haka, ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai gara su, ko ba komai suna sayen 'yan wasa."

Yanzu shi ma kuka yake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ke cinye rabin abin da ya tara, kuɗin tasha na wata-wata yana bin dala, yara kuma sun koma kallo a waya. Waɗanda ke zuwa ma, da yawansu ido ɗaya na kan talabijin ɗaya na kan takardar caca, kana jin mutum yana murnar ƙwallon da aka zura wa ƙungiyarsa saboda ta cika masa lissafi. Wannan kam ban iya saba da shi ba. Ya sa sola, ya ƙara cajin waya da wasan PlayStation da rana don rumfar ta riƙe kanta. Rigar Inter Miami mai ruwan hoda ta cika kasuwar IBB, yara na ta tambayarsa yaushe zai fara nuna Messi. Wasannin na hannun kamfanin Apple, ta intanet ake kamo su, kuma yawancinsu sai bayan sha biyun dare a agogonmu. Ya zo shago ya tambaye ni ko akwai dabarar da za a yi. Na ce dabara akwai, sai dai ya fara lissafa kuɗin data da na mai, ya kuma je ya ji ta bakin mai unguwa kan buɗe rumfa ƙarfe ɗayan dare.